Daga Akurki Zuwa Kwali

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin shekarun 1990 ya san ba a baza shanya a tsakar gida sai an zaunar da yaro da kara a hannu. Aikinsa ɗaya ne, korar kaji. Daga Zariya har Damagaram, gidan malam ne ko na attajiri, kaza na cikin kayan gida. Ba a kiran kiwonta sana'a, ba a ware mata jari, ba wanda ya taɓa zuwa kanti don sayo mata abinci. Da asuba a janye dutsen da ke bakin akurki ta fice, da almuru ta dawo da ƙafarta.

Yau an fi cin kaza a garuruwanmu, ƙwai kuma ya zama abin kullum a teburin mai shayi. Masu kiwon ma ba raguwa suka yi ba, don da wuya ka ratsa unguwa a Kano ko Kaduna ba ka jiyo warin ɗakin buloila daga wani gida ba. Amma akwai abu ɗaya da ya suɓuce mana tsakanin zamunnan nan biyu, ba mu kuwa cika yin maganarsa ba, wato iri. A da, matar da ke da kaji ita ke da uwarsu da ubansu. Yanzu sai ka tarar da mai kaji 200 a bayan ɗakinta, amma babu ko ɗaya a cikinsu da za ta ba ta tsakon gobe.

Gidan da kansa ne ke ciyar da kazar da. Hatsi a dami yake shigowa. A ɗebo daga rumbu, a sussuke, a shiƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a daka, a tankaɗe, kuma kowane mataki akwai abin da ke zuba ƙasa: ƙwayar geron da ta yi tsalle daga turmi, tsakin da ya rage a rariya, dusar da ake kwaɓawa da ƙasari. A bayan gida ga juji, ga turken awaki da na jaki inda tsutsa ke taruwa ƙarƙashin taki. Da damina ga fara da ƙwari da ɗanyar ciyawa. Mai 'yan tsaki kan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, ta yayyafa ruwa, ta sa yaro ya kife ta a bakin suri, washegari a ɗauko ta cike da gara a zazzage musu. Abin da gida ya zubar shi kaza ke mayarwa nama.

Dukiyar mata ce kuma da yara. Maigida na da gona da rumbu, amma bai isa ya kama kaza ya yanka wa baƙonsa ba sai da yardar mai ita, sau da yawa ma sai ya biya. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa, amma kazarta na zuwa. Mu da muke cin Dambatta ran Lahadi, tun da hantsi za ka ga yara a hanya da kaji a hammata, 'yan kaji masu kekuna suna tare su kafin su isa. Kuɗin nan shi ne sabulu, shi ne zubin adashi, shi ne gudummawar biki da allurar yaro. Wadda ba ta da ko ɗaya, 'yar'uwarta kan ba ta sagara ta riƙe, in ta yi 'ya'ya a raba. Kaka kan nuna wa jikarta tsako ta ce, “Wancan mai wake-waken naki ne.” Da yawa daga cikin awakin da aka kai amare ɗaki da su, in aka bi salsala, daga irin wannan tsakon suka faro: a tara kaji a sayi 'yar akuya, a tara awaki a sayi tunkiya.

A wurin kakata, da muke kira Inna, na ga yadda ake aikin iri. Idan kaza ta fara kyarkyara tana leƙen lungu, Inna kan bi ta da ido har ta gano gurbin. Kullum ta kwashe abin da aka saka ta bar ɗaya, ta jera sauran cikin ƙwarya mai yashi a gindin randa, inda ke da sanyi. Ran da ta ga kazar ta lafe a gurbi, ta bubbuɗa gashi, tana gurnani in an matso, to kwanci ya zo. Sai ta fito da ƙwaryar bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙa ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Mai tsagu, da wanda ya cika tsawo ko ƙanƙanta, da wanda ya daɗe a ajiye, duk ta ware su gefe. Ta zaɓi 10 ko 12, gwargwadon abin da fukafukan kazar za su rufe, ta yi wa kowanne alama da gawayi, don in wata kaza ta faki ido ta ƙara sabo a gurbin a gane shi. Ƙasan gurbin kuma ta barbaɗe shi da toka saboda ƙuma.

Wata rana na ce mata, “Inna, ga ƙwai ya rage, me zai hana ki zuba mata duka?”

Ta ce, “Kai dai maigidan nan akwai haɗama. Wanda bai sami ɗumi ba ai ɓaragurbi zai zama, in ya fashe ya ɓata na kusa da shi. Ungo biyun nan, kai wa Goggonka.”

Kwana 21 kazar za ta yi a kai, ba ta tashi sai sau ɗaya a yini ta sha ruwan kasko ta koma. Da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, Inna kan sayi nasu daga 'yan matan Fulani ta sa wa kaza, domin zabuwa ba ta iya raino ba, cikin raɓa take jan 'ya'yanta har sanyi ya kashe su. Da yake ƙwan zabi na ɗaukar kwana 26 zuwa 28, in za ta haɗa shi da na kaza sai ta riga sa shi da mako guda, don su fito tare. Na agwagwa kuwa sai ya kai kwana 35, shi ya sa ba kowace kaza take ba wannan aikin ba sai mai haƙuri.

Ba ta taɓa jin sunan kimiyyar gado ba, amma zaɓen iri take yi. Kazar da ta tashi daga kan ƙwai kafin lokaci, ko mai fasa ƙwanta ta shanye, ita ce ta gaba a wuƙa. Wadda ta ƙyanƙyashe goma ta raini bakwai, wadda ke yin tsalle ta tari shirwa, ba a sayar da ita komai matsi, kuma 'ya'yanta mata ake ajiyewa. Zakara ba ya daɗewa a gida yana bin 'ya'yansa, sai a sayar a sayo wani daga wata kasuwa. Haka dubban mata suka yi ta yi ɗaruruwan shekaru, rana da yunwa da cuta kuma suna nasu tankaɗen, har aka sami kajin da muka gada. Akwai kazar Fulani mai tsayi da nauyi, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, ga su fingi da shazumama da ake ganewa tun daga nesa, wata gashinta a murɗe, wata wuyanta fayau ba gashi. Mun tashi muna yi musu dariya, bokaye kuma suna nemansu don nasu dalilin. Daga baya masana suka tabbatar cewa rashin gashin wuya da murɗewar gashi na taimaka wa kaza ta jure zafi, abin da babu ƙasar da ta fi tamu bukatarsa.

Cin kaza a wancan zamani sai da dalili. Baƙo mai daraja ya sauka, ko mai jego na bukatar farfesu, ko an yi wa yara kaciya, ko ango zai shiga ɗaki, ko daren cika-ciki ya zo a watan Muharram. Ƙwai kuwa ba na yara ba ne. An ce mana yaron da ya saba da cin ƙwai ɓarawo zai zama. Camfi ne, kuma ya hana yara abincin da jikinsu ke nema, amma ba a rasa gane inda ya samo asali ba: kazar gida ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, cikin zubi uku ko makamancin haka, kuma kowane ɗaya kaza ce ta gobe. Masu karin magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma iyayenmu mata akasin haka suka yi aiki da shi.

Kada daɗin waiwaye ya mantar da mu wahalar da ke ciki. Tsakon da ya fito yana da maƙiya sama da ƙasa: shirwa da shaho da rana, muzuru da tunku da maciji da dare, ga ruwan sama, ga ƙafar jaki. Rabin abin da aka ƙyanƙyashe in ya kai girma an gode Allah. Babbar masifar kuwa ita ce annobar da ke zuwa da hunturu, wadda a wajenmu ake kira fakat, likitocin dabbobi kuma ke kira cutar Niyukasil. Ka tashi da safe ka ga kaza ta takure ta saki fukafukai, tana zawo kore-kore, tana buɗe baki tana neman numfashi, wata wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya. Cikin mako guda unguwa ta yi tsit, ba cara ba kyarkyara. A jiƙa sassaƙen maɗaci, a daka barkono a zuba a kasko, daga baya aka koma fasa kafso ja da rawaya. Babu wanda ke tare ta a cikinsu, domin bairas ne ke kawo ta, bairas kuwa ba ya jin irin waɗannan magunguna. Abin da aka fi yi shi ne yanka na yankawa, a ruga kasuwa da sauran kafin su kwanta, ta haka kuma cutar ke hawa keke ta tafi ƙauye na gaba. Wahalar shekara guda kan tafi a kwanaki kaɗan, sai a koma neman iri wurin 'yar'uwar da annobar ta tsallake.

Saboda haka da kajin turawa suka zo, ba ƙarya suka zo da ita ba. Hukuma ta daɗe tana turo su. Malaman gona sun zaga ƙauyuka da shirin musayar zakaru, ka ba da naka na gida a ba ka jan ƙato na waje, ko da yake yawancinsu ba su iya rayuwar juji ba, hunturu ɗaya ya kwashe su. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa su yi lambu da kiwon kaji a bayan gida. A Shika, kusa da Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru tana aiki har ta fitar da kazar ƙwai da ake kira ShikaBrown. A farkon shekarun 2000 kuma gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji daga waje, kasuwa ta buɗe wa masu kiwo na cikin gida. Lissafin a fili yake: kazar ƙwai ta gidan gona na iya zuba 280 zuwa 300 a shekara, buloila kuma na isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, alhali zakaran gida sai ya haura wata 6.

A daidai wannan lokaci gidan ma ya sauya. Injin surfe da na niƙa suka ɗauke aikin turmi, dusa ta bar tsakar gida ta koma wurin mai inji, ta zama hajar da ake aunawa da kwano. Shinkafar buhu da taliya da garin leda ba su da abin da ke zuba ƙasa. Aka shafe tsakar gida da siminti, daga baya aka shimfiɗa tayil, wadda ke goge shi kuma ba ta son ganin kashin kaza. Juji ya cika da leda. Maganin feshi ya rage ciyawa da ƙwarin bakin gona. Gidajen gado aka yayyanka su, kangon da kaji ke kiwo aka gine shi, mai gidan haya kuma ya kafa sharaɗi tun kafin a shiga: ban da kiwo. Ko aikin tada mutane da asuba, lasifikar masallaci da wayar hannu sun karɓe shi daga hannun zakara. Kazar gida ba korarta aka yi ba, wurin zama da abinci ta rasa.

Wata ƙanwata da ke aure a Kano tana cikin masu kiwon zamani, kuma a wurinta na ga sabon tsarin da idona. Waya take yi wa dila ta tura kuɗi. 'Yan tsakin kwana ɗaya ne, akasari daga Ibadan, sun kwana a mota, 50 a kowane kwali. Kafin su iso ta wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta baza ɓuntun shinkafa, ta rufe tagogi da leda, ta hura gawayi a kurfoti, domin a makon farko tsako na son ɗumin da ya haura digiri 30, ga shi ba uwar da za ta rufe shi. Ana buɗe kwali ta fara ƙirga, ta ware wanda ya galabaita, ta riƙa tsoma bakin kowanne a ruwan gulukos. Daren nan fitila mai caji ba ta mutuwa, ita ma ba ta runtsawa. In ta ga sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki wuta ta yi yawa. A jikin ƙofa ta manna takardar ranakun rigakafi, na Gumboro da na Lasota, kowanne da ranarsa. Abinci kuwa buhu-buhu ne mai kilo 25, a fara da sitata a ƙare da finisha, kuma kwali ɗaya kan lashe buhu 8 zuwa 10 kafin a kai ga sayarwa.

Na tambaye ta riba. Ta yi dariya ta ce, “Yaya, in Allah ya sa ka dace da Sallah ko Kirsimeti, akwai alheri. Amma in suka cika mako shida ba mai saye, daga ranar ba abinci suke ci ba, jarinka suke ci. Dila kuma ya san haka, shi ya sa yake zuwa da nasa farashin.”

Alherin na gaske ne, bai kamata a raina shi ba. Mata da yawa da wannan kiwo suke biyan kuɗin makaranta ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Matasa sun sami aiki, daga mai figa a kasuwa zuwa mai gashi a bakin titi da mai kai kiret-kiret shaguna a babur. Yaron da kakansa bai ɗanɗani ƙwai ba sai da ya girma, yau da shi yake karya kumallo, camfin sata kuma ya mutu ba wanda ya yi masa zaman makoki. Kashin kaji ma ya zama kuɗi, manoman rani na Kura da Kadawa buhu-buhu suke saye.

Sai dai a dubi igiyar da wannan kiwo ke rataye a jiki. Tsako saye, abinci saye, magani saye, gawayi saye, ruwa ma a unguwanni da yawa sai an saya daga 'yan garuwa. Masarar da ke cikin buhun a Saminaka ko Giwa ko Dandume aka noma ta, amma farashin buhun ba a nan ake yanka shi ba. Iyayen kajin da kakanninsu kuwa daga wasu kamfanoni 'yan ƙalilan na Amurka da Turai ake shigo da su, masu irin Cobb da Ross, da Dala ake biya. Ko da kamfanin Olam ya buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Kaduna a 2017, tafiyar tsako ce ta ragu, asalin irin yana can inda yake. Buloilar da ke ɗakin ƙanwata ba a yi ta don ta haihu ba. Kazar ƙwai ta gidan gona kuma an cire mata ɗabi'ar kwanci da gangan, domin kazar da ke kwanci ba ta saka ƙwai. Ko an ƙyanƙyashe ƙwanta a inji, 'ya'yan ba za su yi kamar uwar ba. Duk zagaye sai an koma wurin mai kwali.

Mun ga abin da ke faruwa in igiyar ta girgiza. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kafin watan ya ƙare kuma ta bayyana a Magarya ta jihar Damagaram. Aka kashe kaji aka binne, gwamnatin Nijeriya ta sa diyyar Naira 250 kan kowace kaza, mutane suka ƙaurace wa nama da ƙwai. Ta sake dawowa a 2015. A farkon 2023, da aka sauya fasalin Naira takardun kuɗi suka ɓace, ƙwai ya yi kwantai har ya riƙa lalacewa a hannun masu shi. Aka cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, Naira ta faɗi, masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi. Da yake abinci ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin wannan kiwo, ƙananan masu kiwo da yawa suka rufe ɗakunansu, kiret mai ƙwai 30 kuma ya haura Naira 5,000 a 2024. A irin wannan lokaci ne aka ga bambancin. Matar ƙauye mai kaji bakwai a juji ta ji tsadar rayuwa, amma kajinta ba su san Dala ta tashi ba.

Yanzu kuma ga noila, wadda wani kamfani a jihar Oyo ya fitar, ta shiga har ƙauyuka. Launinta irin na kajin gida ne, tana iya fita ta yi tono, tana da girma, tana da ƙwai. Ta amfani mutane ƙwarai. Amma ba kasafai take kwanci ba, kuma da yake zakaranta ƙato ne, shi ake bari a gida a yanka na asali. Tsofaffi a ƙauye sun fara ƙorafin cewa kajin yanzu ba su da haƙurin zama a kan ƙwai. Wannan ne abin tsoron. Annobar hunturu kan kashe kaji ta bar iri a ƙauye na gaba, amma in ɗabi'ar kwanci da iya raino suka narke a cikin gauraye, babu kasuwar da za a je a sayo su.

Abin mamaki, bakin mutane bai manta ba. A kasuwa zakaran gida, duk ƙanƙantarsa, yakan kama kuɗin buloilar da ta ninka shi nauyi. Mai jego da marar lafiya har gobe kazar Hausa ake nema musu. Motoci na kwasar kaji da zabi daga Maigatari ran Alhamis da Wudil ran Juma'a zuwa birane har Kudu. Kasuwa na nan, kajin ne ba sa isa.

Abin da ya hana su isa kuma sananne ne, yana da magani. Fakat tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke wurin tun 1924, tana yin sa, har da nau'in da ke jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗiga wa kaza digo ɗaya a ido duk bayan wata 3 ko 4. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, in an buɗe ta kuma ba ta daɗewa, don haka mai kaji bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba. Amma matan da suka iya haɗa adashi ba za su kasa haɗa kuɗin kwalba ba, a sami yarinya ko yaro ɗaya a unguwa da malamin dabbobi zai koya wa, ya bi gida-gida da sassafe kafin a buɗe akurki. Sauran dabarun ba sa cin kuɗi. A tsare 'yan tsaki da uwarsu a ƙarƙashin babban kwando na makonnin farko, ana ba su tsaki da gara da ruwa mai tsabta, shirwa ta rasa rabonta. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta mutu a binne ta, kada a jefa a juji. Wanda ya ba kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin takardar kafin ya yanka ko ya sayar.

Ba wanda ke cewa a koma zamanin turmi, ko a rufe ɗakunan buloila. Birni mai miliyoyin mutane ba zai ƙoshi da kajin juji ba. Amma manomin kirki, komai kyan farashi, ba ya kai irin shukarsa kasuwa, kuma abin da muke gab da yi da kajinmu ke nan. Ma'aikatun gona na jihohi da ƙungiyoyin da ke raba wa mata 'yan tsaki a kwali da sunan tallafi, ya kamata su fara da kai rigakafi ga kajin da matan ke da su tun asali. Jami'o'inmu su tattara kazar Fulani da durgu da sauransu su inganta su kafin su gauraye. Mai karatu kuma, in kana da ɗan fili a bayan ɗaki, ko kana da uwa ko goggo a ƙauye, ka nemi sagara biyu da zakara ɗaya na asali, daga gidan da aka san kajinsa da iya raino, ka tabbata an yi musu rigakafi kafin hunturun bana ya kama.